Ranar da Na Kai Tukunyar Asabar Gidan da Aka Kulle

A lokacin da abin nan ya same ni, ni ƙaramin magidanci ne daga wani ƙauye na ƙasar Kurfai, tafiyar hantsi daga Filinge, da mata ɗaya da ɗiya ɗaya a goye. Ga ƙarfi, ga saurin hannu, ga kuma baki. Wallahi bakina bai san hutu ba. In na ji magana da safe, kafin azahar ta kai bakin rijiya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ƙafata da harshena suna riga hankalina fita daga ɗaki, ni kuwa sai in yi dariya. Yau gemu ya yi fari, jikokina ne ke karanta mini wannan mujalla, kuma ɗayansu na zaunar ya rubuta muku abin da zan faɗa, don ni ban taɓa shiga lakkal, makarantar boko, ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mun sha rawa a Filinge ranar da aka ɗaga tuta, muna zaton daga nan ko ruwan sama ma zai gyara halinsa. Ina! Bayan ƴan shekaru damina ta yi mana rowa, hatsi ya bushe a tsaye bai fidda kai ba, shekarar da maƙwabtanmu Zabarmawa suka sa wa suna Bandabari. Rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji. Mata suka koma daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Samarin ƙauyenmu suka yi kudu ci-rani, ni kuwa na ji ana cewa a Turabulus aiki ne ke neman mutum, sai na ɗare bayan wata kamyo, babbar motar kaya, na bi ta Tawa da Agadas na ƙetare hamada. Ba zan tsaya kan wahalar hanya ba, ba ita ta sa na zaunar da yaron nan ba.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo Balarabe mai gidan tanderu a tsohon gari, can cikin lungunan da mota ba ta shiga. Mutanen can ba sa gasa burodi a gida. Kowace mace takan kwaɓa nata ta jera a kan katako, a kawo mana mu gasa. Aikina faskare, hura wuta, kwashe toka, da kai kaya gidajen da ba su da ɗan aike. Unguwar a gauraye take, Musulmi da Yahudawa, bango ɗaya, magudanar ruwa ɗaya. Maigidana ya ce da can Yahudawan sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, tun kaka da kakanni suke nan, amma an taɓa yin wata tarzoma shekarun baya, da yawansu suka hau jirgin ruwa ba su dawo ba. Ni kafin nan ban taɓa jin Bayahude ba sai a bakin malamai wajen tafsiri. Ranar da aka nuna mini na farko na yi ta kallonsa ina neman abin da ya bambanta shi da mutane, ban ga komai ba sai tsoho mai tari da ƴar hula, yana cinikin albasa da Larabcin da ya fi nawa kyau.

Abin da ya haɗa ni da su shi ne tukunyar Asabar. A addininsu, daga faɗuwar ranar Juma'a har faɗuwar ranar Asabar ba sa hura wuta, ba sa girki, ba sa ɗaukar kaya a titi, ba sa hawan abin hawa. Saboda haka ranar Juma'a da la'asar kowane gida zai kawo tukunyarsa, wake da alkama da nama da ƙwai da ɓawonsa, an liƙe murfin da kwaɓin gari. Mu kuma mu binne su cikin toka mai zafi a gefen tanderu, su kwana suna nuna a hankali, Asabar kafin azahar in bi gida-gida ina rabawa. Kowace tukunya da alamarta, kuma kaiton wanda ya musanya, domin ba sa cin abin da aka dafa a tukunyar da ba tasu ba. Maigidana ya gaji wannan aiki daga ubansa, yana kiransa amana. Ni kuwa na mayar da shi abin tinƙaho. Ban taɓa kuskuren tukunya ba, ban taɓa makara ba, kuma duk wanda ya zauna da ni sai ya ji wannan labari ko bai tambaya ba.

A cikin gidajen akwai na wata tsohuwa da nake kira Inna, don tafiyarta da faɗanta irin na mahaifiyata ne sak. Mijinta mai gyaran tukwane da fitilu ne, idonsa ya fara mutuwa. Ɗiyarsu na zaune tare da su da jariri, mijinta ya ƙetare teku neman aiki. Tukunyar Inna ta tagulla ce, da jan zare ɗaure a mariƙinta. Tana da ciwon gwiwa, saukowa daga bene yana ɗaukar ta lokaci, don haka tun ban sha kwanar lungunsu ba nakan ƙwala kira da Hausa, ina cewa Inna ta sauko Asabar ta iso. Ita kuma kalma ɗaya ta koya a bakina, sannu, da ita take amsawa daga sama, ta ja ta ta ja ta har ƴan lungu su fashe da dariya. Ba ta taɓa barina na juya ba sai da ƙwai mai zafi a hannuna. Bango ɗaya da su akwai wata Musulma da mijinta ya rasu, aminiyar Inna tun suna amare. Ita ke shiga ta kashe musu fitila daren Asabar, ita ta karɓi haihuwar jaririn, in azumi ya zo kuma daga gidan Inna ake fara aiko mata da abin buɗe baki.

Sai wata Litinin cikin zafi rediyo ta ce yaƙi ya ɓarke can gabas tsakanin ƙasashen Larabawa da ƙasar Yahudawa. Kafin azahar gari ya birkice. Maigida ya ja ƙofar tanderu ya sa sakata, muka zauna muna jin ihu da fashewar gilasai, hayaƙin da ba namu ba yana shigowa ta taga. Aka ƙone kantuna, aka kashe mutanen da yaƙin nan ko a mafarki ba su gan shi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, masu yin abin ba baƙi ba ne. Wasu da su nake sahu ɗaya a masallaci. Washegari na leƙa lungun su Inna, na ga ƙaton kwaɗo a ƙofar ta waje. Maƙwabciyar ta ce mini a gajarce an kwashe su an kai bakin jirgi, in kama gabana. Na tambayi maigida, shi ma haka ya ce, bai ko ɗago ya dube ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har da ɗan fushi, wai Inna ta tafi ko sallama babu.

Juma'a ta zo, babu wanda ya kawo tukunya a gabana. Asabar da hantsi maigida ya tafi neman garin alkama, don ya yi wuya a gari, ya bar ni da tanderu. Ina kwashe toka, sai shebur ya bugi ƙarfe can lungun baya, inda ba mu saba ajiye komai ba. Na tona, sai ga tukunyar tagulla da jan zarenta, murfin a liƙe, zafi na tashi. Kai, jama'a, murnar da na yi! Na ce ashe sun dawo, ashe Inna na nan. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya kawo ta ba, me ya sa aka ɓoye ta, me ya sa ba a faɗa mini ba. Abin da kawai ya zo mini shi ne rana ta yi, kuma ni ban taɓa makara ba. Na naɗa gammo, na aza, na fita ina sauri.

A bakin lungun akwai shagon mai shayi, samari sun yi cincirindo a kan rediyo, na wuce su ko a jikina. Tun kafin kwanar na ƙwala kirana kamar kullum, da ƙarfi, har sau biyu. Da na sha kwana sai ga kwaɗo yana nan inda na bar shi. Na tsaya. A cikin shirun nan na ji ƙarar silifa sau ɗaya a kan matakalar ciki, sai kuma tsit, irin shirun mutumin da aka riƙe. Nan take komai ya faɗo mini lokaci ɗaya. Suna ciki. Tun Litinin suna ciki. Kwaɗon nan don a ce babu kowa aka sa shi, ni kuma ga ni tsaye da tukunyar Asabar mai zafi a ka, na sanar da duk unguwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na juya in gudu, sai na ga lungun a toshe.

Samarin ne suka biyo ni, wasu da rodi a hannu, ɗaya da galan. Na gaban na san shi, mai sayar da kifi ne, sau da yawa na gasa wa uwarsa burodi. Ya tambaye ni a hankali, yana murmushi, wa na kawo wa abinci a gidan da babu kowa.  Ni da ake cewa bakina bai san hutu ba, ranar da kyar na ce sabo ne ya ja ni, tukunyar ta makon jiya ce aka manta. Ya miƙa hannu ya taɓa ta, ya janye da sauri yana yarfe yatsu, sannan ya ɓantari kwaɓin murfin ya shinshina. Ya ce tukunyar makon jiya ba ta ƙona hannu. Sauran suka matso, mai galan ya ajiye shi a dokin ƙofa, warin fetur ya haɗu da ƙamshin wake. Zafin tukunyar ya ratsa gammo yana cin tsakiyar kaina, ban iya saukewa ba, ban iya motsi ba.

Sai ƙofar maƙwabciya ta buɗe da ƙarfi. Ta fito ko lulluɓi ba ta gyara ba, ta nufo ni kai tsaye ta sharara mini mari, tana zagina da wawa, jakin da bai san ƙofar masu kaya ba. Ta ce tukunyarta ce, Yahudawan sun bar mata ita da za su tafi, ko an hana Musulma dafa wake ranar Asabar ne? Ta juya kan samarin ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayen iyayensu mata, tana tuna wa wannan ranar da ta yi wa uwarsa wankan jegonsa, wancan ranar da ta ɗaure masa karaya. Wasu suka fara sunkuyar da kai. Amma mai kifin bai kula ta ba. Ya je ya manna kunnensa a jikin ƙofar, ya ɗaga hannu a yi shiru, aka kuwa yi.

A nan na ji ta. Wata ƴar sheshsheka ce ƙarama, wadda jariri ke yi in yana tattara numfashi zai tsala kuka. Wanda bai haihu ba ba zai gane ta ba, ni kuwa na bar ɗiya a goye a gida. Har yau ba zan iya rantsuwa ba ko ni na karkata kaina da gangan, ko ƙafafuna ne suka gaza. Mutane sun so su mai da ni jarumi, ni dai ban sani ba. Abin da na sani tukunyar ta kife, murfin ya ɓalle, tafasasshen mai da wake suka kwararo mini a kafaɗa da ƙirji har cinya. Na kurma ihun da ban taɓa yin irinsa ba, ina kiran uwata da Hausa, ina birgima ina dukan ƙofar da ƙafa. Azabar gaskiya ce, amma ko da numfashina ya so ya ɗauke ban yarda na yi shiru ba. Maƙwabciyar ta ɗora hannu a ka ta kama kururuwa, matan lungu suka leƙo ta soraye suka taya ta, ashe da yawansu sun san abin da ke bayan ƙofar. Dattawa suka fito suna ture samarin wai a ba da hanya a ɗauki mai ƙuna. Ana ɗauke da ni na ga mai kifin ya tsaya yana kallon kwaɗon, sannan ya ɗauki galan ɗin ya ce za su dawo.

A ɗakin itace na bayan tanderu aka kwantar da ni. Da maigida ya dawo aka faɗa masa, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna ya gaya mini komai. Tun Litinin maƙwabciyar ta kulle su, tana miƙa musu burodi da ruwa ta kan soro. Ba su iya hura wuta ko da ranar da ba Asabar ba, don hayaƙi zai tona su, nonon mai jego ya fara ƙafewa saboda rashin abinci mai ɗumi. Shi ya sa Inna ta roƙa a kai tukunyarta, wake da ƙwai kawai, tunda a tasu kaɗai suke ci. Maƙwabciyar ta kawo ta a ɓoye ina masallaci, da nufin ta zo ta ɗauka da kanta. Na tambaye shi don me ba a faɗa mini ba. Ya dube ni ya ce sun yi shawara, suka ga bakina ba ya riƙe magana. Wannan ta fi tafasasshen man ƙona ni, domin gaskiya ce.

Ba a iya jira ba, sai a fitar da su Inna a ranar, kafin lokacin dokar hana fita da hukuma ta kafa. Aka tsallako da su ta soro, matan suka rufa da farin lulluɓin nan na matan garin mai barin ido ɗaya, aka shigo da su ɗakin da nake kafin amalanken itace ya iso, a kai su sansanin da hukuma ke tara Yahudawa a bayan gari. Tsohon, mijin Inna, ya kafe ba zai hau ba sai rana ta faɗi, tunda yake bai taɓa hawan abin hawa ranar Asabar ba. Maigidana ya kama hannunsa ya ce ya ji da kunnensa daga bakin malaminsu na da cewa rai yana gaba da Asabar, in kuwa akwai zunubi a aza masa shi. Tsohon ya yi kuka kamar yaro, ya yarda. Ni ina kwance na juya fuska bango don kunya. Sai na ji Inna ta durƙusa kusa da ni da gwiwoyin nan nata, tana shafa mini man zaitun. Na fara ba ta haƙuri, ta toshe mini baki. Ta ce da ta ji kirana ta manta da komai, ta miƙe za ta amsa, ɗiyarta ce ta cafke ta. Ta ce duk makon nan sun ji ana kiransu da sunaye iri-iri a titi, ni kaɗai na kira ta kamar mutum. Sannan ta sunkuyo ta faɗa mini kalmar nan tata a kunne, a hankali, wannan karon ba ta ja ta ba.

Washegari samarin suka cika alkawari. Suka ɓalle kwaɗon, suka tarar babu kowa, suka ga shimfiɗar jariri da ɓawon burodi, suka gane an yi musu wayo, sai suka cinna wuta. Bango ɗaya ne, katakon rufi ɗaya ne, wutar ta cinye gidan Inna ta haɗa da na maƙwabciyar. Ta tsira da ranta da zanen jikinta kawai. Lokacin da na iya miƙewa na ja ƙafa na je in roƙe ta gafara, aka ce danginta sun zo sun tafi da ita ƙauye, ba wanda ya yarda ya faɗa mini wanne. Su Inna kuwa an ce duk ƴan sansanin an fitar da su ƙasar, kowa da akwati ɗaya. Daga nan Juma'a ta zama kamar kowace rana a tanderunmu, maigida yakan tsaya ya kalli gefen tokar da babu komai, sannan ya ci gaba da aiki. Da zan taho gida ya miƙo mini tukunyar, ta lotse a gefe, jan zaren yana nan.

Na dawo Kurfai ban daɗe ba babban fari ya sauka, wanda ya mantar da mu na baya. Buzaye suka gangaro daga wajen Abala, dabbobi sun ƙare, suka kafa tsummoki a gefen Filinge. Ran Lahadi a kasuwa na fara jin ana cewa su ne ɓarayi, su suka kawo ciwo, su ke cinye taimakon da aka aiko mana. Na san muryar nan, a bakin samarin shagon mai shayi na fara jin ta. Ban yi wani abin kirki ba, ba ni da shi. Amma a tukunyar nan matata ta riƙa dafa ɗan abin da ya samu, muna raba wa wata Buzuwa da ƴaƴanta, kuma a karo na farko a rayuwata na yi abu ban faɗa wa kowa ba.

Shi ya sa nake jan kunnen masu karatu, musamman samari masu zafin nama irina na da. In kun ga an ajiye abu ba inda aka saba ba, ku tsaya ku tambaya kafin ku ɗauka. Zuciyata fari tas take ranar nan, amma bai hana gidaje biyu ƙonewa ba. Ku koya wa bakinku riƙe magana, don kada ranar da ake buƙatarku a ɓoye muku abin da ya kamata ku sani. In kuma kuka ji an fara kiran maƙwabcinku da sunan jama'arsa maimakon sunansa, saboda wani yaƙi da ake yi a nesa, ku ji tsoron Allah ku tashi daga wurin. Tabon ƙunar yana nan daga kafaɗata har cinya, ya daina ciwo tuntuni. Inna ta yafe mini tun a ranar, da bakinta. Matar nan da ta mare ni don ta cece mu, ta rasa ɗakinta saboda gaggawata, ita ce ban samu na roƙa ba, kuma ita nake jin nauyin haɗuwa da ita gobe kiyama.